Kacala tun tana faɗin tabarma

Waɗanda suka saba da wannan fili sun san ba kasafai nake fita daga zancen kasuwa da na albashi ba. Yau kam sai ku yi mini haƙuri, domin zancen ciyawa na kawo maku, kuma sai mun ratsa ta teku kafin mu komo gida.

Bayan an ƙare yankan hatsi na je ƙauyenmu, cikin ƙasar Bambeye, gaisuwar rasuwa. Da la'asar ta yi sanyi sai na bi ƙanen mahaifiyata zuwa garkarsa da ke bakin tabki. Tabkin nan, sa'ad da muke yara, kafin ɗari ya fita ya riga ya ƙafe, mu shiga tsakiyarsa muna langa bisa tsagaggiyar laka. Ƴan shekarun baya aka yi masa madatsa ta duwatsu da waya, aka ƙara masa zurfi, ya koma yana riƙe ruwa har cikin bazara. Alheri ne babba, ba mai musun wannan: ga albasa, ga tumatir, ga ƴan karfasa da aka zuba, ga samari da dama da suka fasa tafiya bakin teku cin rani. Amma a gefen gabas sai na hangi wani kurmin ciyawa kore shar, wadda ta fi tsawon mutum, tana da kawuna kamar zangarniyar maiwa. Bara da na zo, faɗinta bai wuce tabarma uku ba. Bana na auna da ƙafata, na samu taki 40 a tsawo.

Na ce: «Kawu, wa ya shuka wannan?» Ya yi dariya ya ce: «Kai ɗan nan, lakwal ta ɓata ka. Wa ke shuka kacala? Ba ka ji an ce kainuwa dashen Allah ba? To ita ma hakanan take. Bar ta, ba ta ci ma kowa kome ba. Ga gwaggwanninka ma sun fara yanka suna saƙa tabarmi.» Ban ja da shi ba, don ba a musu da kawu a gaban ƴaƴansa. Sai dai maganar tasa ta tuna mini wani labari da jaridun Faransa suka daɗe suna yayatawa, na wata ciyawa da aka bari don ba ta ci ma kowa kome ba.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai masu wata sha'awa wadda mu nan, da muke sayen ruwa wurin ƴan garuwa, za mu ɗauka taɓin hankali ce. Mutum ya sami akwatin gilashi mai cin lita 50 ko 100, ya cika shi da ruwa, ya zuba gishiri wajen giram 35 cikin kowace lita don ya yi daidai da na teku, ya sa fitila da ɗan injin motsa ruwa, sa'an nan ya jera duwatsu, ya saki ƴan kifaye masu launi, ya dasa murjani mai rai. I, murjani. Wanda iyayenmu mata ke ɗaurawa a wuya asalinsa ƙashin wata halitta ce ta ƙarƙashin teku, kuma danginta ne waɗannan mutane ke kiwo cikin ɗakunansu, suna kashe masu kuɗin da zai sayi saniya.

Babban abokin gabar mai irin wannan akwati shi ne gansakuka. Gansakukar teku kuwa ta wuce wannan kore-koren da ke kwanta bisa randa. Akwai mai ganye, akwai mai reshe, akwai mai yaɗo kamar tsarkiyar zomo. Takan shigo a ɓoye, maƙale jikin dutse ko gindin murjanin da aka sayo, ƴar ƙarama kamar gashin ido. Bayan ƴan makwanni ta haye duwatsu, ta rufe murjanin, ta tare masa haske, ya mutu. Waɗanda suka ƙware sun san dabarun yaƙinta, kuma ina roƙon mai karatu ya riƙe su, don za mu sake gamuwa da su a bakin tabkinmu. Kafin su taɓa ta sai sun kashe injin motsa ruwa, sa'an nan su bi ta da hantsaki sannu a hankali har saiwa, saboda duk guntun da ya kuɓuce ya bi ruwa zai kama wani wuri ya zama sabuwar shuka. In ta ci ƙarfin dutse, a fid da dutsen gaba ɗaya. Bayan haka su sa mata yunwa: su rage abincin kifi, tun da kashin kifi da ragowar abinci su ne takinta, sinadaran nan na nitrat da fosfat da manomi ya sani cikin buhun takin zamani, su riƙa kwashe wajen kashi ɗaya cikin goma na ruwan kowane mako suna zuba sabo. Wasu su kawo dodon-koɗi ko bushiyar teku su yi kiwonta. Abin da aka cire kuma ba a zuba shi cikin magudana. A daskarar da shi cikin firiji kwana guda, sa'an nan a jefa cikin shara. Wannan doka ta ƙarshe da tsada aka koye ta.

Wajen 1980, ma'aikatan gidan namun daji na Wilhelma, a birnin Stuttgart na Jamus, suka lura da wani iri na gansakukar da masana ke kira Caulerpa taxifolia. Asalinta ta tekunan ƙasashen zafi ce, amma wannan irin yana jure sanyi, yana girma da sauri, ga shi kore shar kamar gashin tsuntsu. Abin mamaki gare ta, duk tsawon yaɗonta ƙwayar halitta guda ce tak. Masu akwatunan kifi suka yi murna, aka yi ta rabon iri kamar yadda mata ke rabon dashen albasa, har ya kai Nancy, ya kai babban gidan nazarin teku na Monako, wanda Kwamanda Cousteau, mai jar hular nan da muke gani a talabijin, ke shugabanta a lokacin. A 1984 aka ga ciyawar cikin tekun Bahar Rum, daidai ƙarƙashin tagogin gidan. Faɗinta metir ɗaya ne kowane gefe. Mutum guda mai iya nutso zai iya ƙare ta kafin azahar. Aka ce a bar ta, sanyin hunturu zai kashe ta.

Sanyi bai kashe ta ba. A 1989, da Farfesa Alexandre Meinesz na jami'ar Nice ya nutsa wurin, ya tarar ta cinye wajen hekta guda. Ya yi kururuwa, ya rubuta ma hukumomi. Maimakon a shiga ruwa sai aka shiga gardama. Gidan nazarin ya ce ba daga wurinsa ta fito ba. Wasu masana suka ce ta mashigin Suwez ta biyo. Wasu suka ce ai amfani ma gare ta. Ana taro, ana rubuce-rubuce a jarida, ita kuwa tana bin ƙugiyar jiragen ruwa da tarun masunta, domin guntu kamar farce ya ishe ta kafa sabon gari. Tana da dafin da ke sa yawancin kifaye ƙin cinta, saboda haka ba makiyayin da zai rage ta, kuma tana danne ciyawar asali inda kifaye ke ƙyanƙyasa. A 1992 ta isa Italiya da tsibiran Espanya, daga baya Kurowashiya, a 2000 Tunisiya. Binciken ƙwayoyin gado na 1998 ya nuna irin akwatin gilashin ne, amma sa'an nan bakin alƙalami ya bushe. Ƙarshen shekarar 2000 an ƙiyasta ta shafi wajen hekta 13.000 a ƙasashe 6.

Cikin watan Yuni na wannan shekara ta 2000 sai ga ta a Kalifoniya ta Amurka, cikin wani ɗan gulbin gishiri da ake kira Agua Hedionda, kusa da garin Carlsbad, sa'an nan a Huntington Harbour. Su mutanen can sun riga sun ji labarin Monako. Kwana 17 da ganinta masu nutso suka fara aiki: su lulluɓe kowane kurmi da tamfol, su danne bakinsa, su zuba kulorin ƙarƙashi. Suka yi shekaru suna komawa suna duba ƙasan ruwa taki-taki, har 2006 da aka bayyana cewa an ƙare ta. Aikin ya ci fiye da dalar Amurka miliyan 7, wato sama da miliyar 3 na kuɗin sefa, kan ciyawar da aka tara tun da wuri. Gaskiya ta sa in ƙara da cewa a Bahar Rum ma, daga baya, ciyawar ta ja da baya da kanta a wurare da yawa. Amma mai garka a bakin tabki ba ya da hatsin da zai ci shekara 20 yana jiran ciyawa ta gaji.

To mu komo gida. Wani zai ce ina ruwan biri da gada, tun da kacala ba daga Jamus aka kawo ta ba. Haka ne, ƴar ƙasa ce, kakanninmu sun san ta a fadamu, kuma a kan wannan kawu ya fi ni gaskiya. Abin da ya sake shi ne ruwan. Kacala tana son ruwa maras zurfi, maras gishiri, mai zama wuri guda shekara duka. Da can rani ne makiyayinta: tabki ya ƙafe, rana ta gasa laka, dabbobi su tattake, saiwarta ta mutu ko ta tsaya inda take. Ran da muka yi dabarar tsai da ruwa, ran nan muka sallami makiyayin, ba mu kuwa ɗauki wani ba. Ga kuma takin zamanin da ke gangarowa daga garake, da kashin dabbobin da ke zuwa shan ruwa. Tabkin ya zama akwatin gilashin da ake cika ma kifi abinci.

Wanda ke son ganin ƙarshen wannan hanya ba sai ya je Turai ba, ya tambayi ƴan'uwanmu na Haɗeja da Nguru. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Kafin nan kogin Haɗeja yakan cika da damina ya malala fadamu, da rani rassansa su bushe. Da aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, kacala ta sami abin da take so. Ta toshe hanyoyin ruwa, ruwan ya karkata ya bi ta Marma zuwa tabkin Nguru, ya ci gonaki da garuruwa a can, alhali wasu wurare da suka saba da ambaliya suna zaune da ƙishi. Masunta suka rasa inda za su jefa taru, manoman shinkafa suka bar gonakinsu. Kada kuwa ɗan kasuwar Tawa ya ce abin na Najeriya ne: ruwan nan shi ne ke zama Komadugu Yobe, wanda manoman Difa ke ban ruwan tattasai da shi. A Senegal ma haka ta faru bayan an gama madatsar Diama a 1986 don a tare ruwan teku. Gishirin da ke hauhawa cikin kogi da rani shi ke kashe kacala. Da aka tare shi ta mamaye dubun-dubatar hekta a gaɓar Senegal da ta Muritaniya.

Ɓarnarta ba a ganinta rana ɗaya, dalili kenan da ake raina ta. Tana yaɗuwa ta ƙasa da saiwa mai kauri da ke tafiya cikin laka tana fid da sababbin ƴaƴa, tana kuma yaɗuwa ta sama, don kai guda na iya ɗaukar iri fiye da 100.000, masu gashi kamar audugar rimi, waɗanda iskar hunturu ke kai wa inda ta ga dama. Ganyenta da ya mutu yana taruwa, yana tare yashi da laka, ƙasan tabki na tasowa, tabkin na tsukewa shekara-shekara. Cikin duhunta sauro ke hayayyafa, da ƴan dodon-koɗin da ke ɗauke da tsargiya, ciwon nan na fitsarin jini da ke kama yara masu wanka. Sa'an nan, ga mu manoman hatsi, akwai wadda ta fi duka: kurmin kacala masauki ne na jan-baki. Duk wanda ya taɓa kwana bisa rumfa yana kaɗa gwangwani ya san abin da garken jan-baki ke yi ma gonar da ta fid da kai.

Maganinta kuwa ba ya bukatar injiniya daga waje, amma yana da ƙa'ida, kuma mafi yawan abin da mutane ke yi da kyakkyawar niyya ƙara mata ƙarfi yake. A sa mata wuta da rani: ganye ya ƙone, saiwa na kwance lafiya cikin laka, toka ta zame mata taki, ta fito ta fi da. A yanke ta sama da ruwa, kamar yadda masu saƙa ke yi: aski ne aka yi mata. Sirrin yana ga numfashinta. Saiwar na cikin laka inda babu iska, kuma ta cikin ganye da karan da suka leƙo sama take shaƙa, har da busassun. In aka sa lauje aka yanke ta taƙi guda ko biyu ƙarƙashin ruwa, kututturen ya nutse, an toshe mata hanci kenan. Za ta yunƙuro da sabon tofo. A koma a yanke, sau biyu ko uku, har abincin da ta tara cikin saiwa ya ƙare. Lokacin da ya fi shi ne sa'ad da tabki ke cike, kafin kawunan su nuna, don in ruwa na janyewa kututturen zai leƙo ya sha iska, wahala ta tashi banza. Inda ruwa ya riga ya janye, sai a bi saiwar da diga a tono ta, a shanya ma ranar bazara. Kawunan da suka riga suka fito a fara yanke su a zuba cikin buhu. Abin da aka yanka duka a fid da shi tudu, kada a bar shi ya ruɓe cikin ruwa. Maganin feshi kam ban ba kowa shawararsa ba, cikin ruwan da mutane da bisashe ke sha.

Saura tambayar wa zai yi. A nan ne nake son magana da ƴan'uwana ma'aikata, kuma na haɗa da kaina, tun da mu ƴan jarida ma sai abu ya zama bala'i muke ɗaukar alƙalami. Mun san hanyar da takarda ke bi. Maigari ya kai kuka, ma'aikacin gandun daji ya rubuta rahoto, rahoto ya je Tawa, daga Tawa ya je Yamai, a nemi mai ba da kuɗin bincike, a yi binciken, a kira taron ƙara ma juna sani, a raba kuɗin zama, a buga riguna da huluna, a zo bikin ƙaddamarwa. In an yi sauri shekara uku. Cikin shekara uku tabarma uku ta zama abin da sai da inji. Ban ga laifin ma'aikacin da aka ba ƙasa mai faɗin gaske da babur guda babu mai ba. Amma akwai abin da ba ya cin ko dala: ya tsaya ranar kasuwa, ko ya shiga rediyon karkara, ya gaya ma mutane a yanka ƙarƙashin ruwa, kada a ƙona, a wanke taru da jirgi kafin a kai su wani tabki. Wannan ilimi yana cikin littattafan da ke kulle a biro, mutanen da ke riƙe da lauje kuwa ba su taɓa jinsa ba.

Ku kuma alhazan kasuwa, ku ne kuka fi kowa cin moriyar tabkunan nan. Duk wanda ya bi hanyar Agadas ya tsaya Tabalak ya ci soyayyen kifi, ya ga garaken da ke kewaye da ruwan, ya san abin da nake nufi. Tabalak da Ɗan Dutsi tun 2005 suna cikin jerin wuraren ruwa masu daraja na yarjejeniyar Ramsar, suna da masu faɗa a ji da za su yi magana dominsu. Ƙananan tabkunan ƙauye, waɗanda daga gare su ne kamyonku ke cika da albasa da tumatir, ba su da kowa. Lauje 20, da takalman roba saboda tsargiya, da buhun shinkafa da ƙwaryar goro na ƴan gayya, duka ba su kai ribar lodi guda ba.

Maganar gwaggwannina masu tabarmi ita ce ta fi tsaya mini a rai, domin kuɗin gishiri da sabulu suke samu, kuma ba ni zan biya su ba. A Rosso ta Muritaniya, tun 2011, ƙungiyar GRET da abokan aikinta sun koya ma mutane yin gawayi da kacala, abin kuwa ya yi amfani, ya rage saran itace. Amma can an riga an sha kashi, ana neman abin da za a tsira da shi ne. Inda ciyawar ba ta kafu ba, ina tsoron a mai da ita abin sayarwa, domin ran da ta zama kuɗi ta sami masu tsaronta. A ganina duk karan da gayya ta yanka a ba matan, su shanya, ya ishe su saƙar shekara. Baɗi su koma ga kaba da suka gada, wadda ba ta taɓa cinye ma kowa tabki ba.

Washegari da safe, kafin in kama mota, na sake bin kawu garka, wannan karo mu biyu kaɗai. Na naɗe wando na shiga laka, na kama wata ƴar kacala da ke bakin kurmin na ja. Saiwa ta biyo, fara sol, kaurin babban yatsan ƙafa, na yi ta binta tana fitowa har kamu shida, kuma ba cikin tabki ta dosa ba, ta nufi bakin ramin da yake jan ruwan albasarsa. Ya karɓa ya jujjuya ta, ya daɗe bai ce kome ba. Can ya ce zai yi ma maigari magana bayan sallar Juma'a, a sa ranar gayya. Ya kuma kafa mini sharaɗi: «In ka tashi zuwa, ɗana, ka zo da laujenka, ka bar wannan wandon na ƴan birni can Tawa.» Na riga na sayi laujen a kasuwar Lahadi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.